Ubangiji, Ɗa da Mai Ceto: Allahntakar Yesu a Harshen Hausawa Kirista

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda Kiristocin da ke ibada da Hausa suke bayyana bangaskiyarsu ga allahntakar Yesu, da yadda wannan bangaskiya take fitowa a maganganunsu na yau da kullum. An lura cewa kusan dukkan kalmomin da suke amfani da su na tarayya ne tsakaninsu da Musulmi. Abin da ya bambanta shi ne wanda ake jingina wa kalmomin. Maƙalar ta nuna cewa nauyin aƙidar ya fi rataya a kan kalmar "Ubangiji" fiye da "Ɗan Allah" da aka fi yin muhawara a kanta, sannan ta bi sawun kalmomin "ceto" da "fansa" daga zamanin bauta zuwa halin da arewacin Zamfara yake ciki a yau.

1.0 Gabatarwa

A garuruwa irin su Kurya Madaro da Shinkafi da Zurmi, kusan duk wanda aka gamu da shi a kasuwa Musulmi ne, kuma a wurin yawancin jama'a Bahaushe da Musulmi abu ɗaya ne. Kiristocin yankin sun fi taruwa a Ƙauran Namoda da Gusau. Wasu zuriyar waɗanda jirgin ƙasa ya kawo ne bayan da layin dogo ya isa Ƙauran Namoda a 1929, lokacin cinikin gyaɗa da auduga. Wasu ma'aikata ne da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke garin. Akwai kuma kaso na uku da ba a cika ambatonsu ba, wato Hausawa 'yan asali, galibi jikokin Maguzawa, waɗanda suka fi yawa a ƙauyukan kudancin Katsina da kudancin Kano da ƙasar Zazzau da Maraɗi. Waɗannan ba su da wani harshen da za su yi addu'a da shi sai Hausa.

Nazarin Hausa ya daɗe yana leƙen addini ta tagogi biyu, Musulunci da gargajiya. Hausar majami'a kuwa akan tura ta gefe da sunan Hausar waɗanda suka koyi harshen da girma. Wannan hukunci bai yi adalci ba, domin a cikin wannan Hausa akwai tsofaffin kalmomi da suka fara ɓacewa daga bakin mutanen birni, akwai kuma gwagwarmayar fassara ta fiye da shekara 150 wadda ta cancanci kulawar masu nazarin ma'ana.

2.0 Inda Kalmomin Suka Fito

Aƙidar da ake magana a kanta tsohuwa ce. A taron Nikiya na shekarar 325, a ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, shugabannin ikilisiya suka ƙi ra'ayin Ariyus na Iskandariya wanda ya ce Yesu halitta ne, suka tabbatar cewa shi da Uba zatinsu ɗaya. A taron Kalsidon na 451 aka ƙara da cewa cikakken Allah ne kuma cikakken mutum. Katolika da Angilikan da ikilisiyoyin bishara irin su ECWA duk sun yi tarayya a kan wannan. Musulunci kuwa ya ɗauki Isa ɗan Maryam a matsayin annabi mai girma, ya kuma kore masa allahntaka ƙarara. Saboda haka mai fassara wannan aƙida zuwa Hausa ya tarar da harshe wanda ya riga ya san Isa, ya kuma riga ya yanke hukunci a kansa.

James Frederick Schön, Bajamushen da ya yi wa mishan ɗin CMS aiki, shi ya fara buga sassan Sabon Alkawari da Hausa tun daga 1857, da taimakon Dorugu, yaron nan Bahaushe da Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila. Aikin da ya kafu sosai shi ne na Dakta Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus, ya zo Kano a 1900 cikin tawagar Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su, daga baya ya zauna a birnin Zariya daga 1905. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, sabuwar fassara kuma a 1979. Sunaye irin su Bitrus da Bulus da Yohanna da Markus da Istifanus sun nuna inda masu fassarar suka jingina: sigogin Kiristocin Larabawa ne aka hausantar.

Kafin Miller ya zo, ƙasar Hausa ta riga ta haifi nata masu girmama Isa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wani malami mai suna Ibrahim ya tattara abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa, ya ɗaukaka matsayinsa har aka zarge shi da fita daga hanya. Ruwaya ta ce ya ƙi janye maganarsa, aka tsire shi a kasuwar Kurmi. Mabiyansa, waɗanda aka sani da Isawa, suka warwatsu zuwa Ningi da kan iyakar Kano da Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemi Miller a Zariya, aka kafa musu zango a Gimi, ciwon barci ya tarwatsa shi, waɗanda suka saura suka zama cikin tushen al'ummar Wusasa, inda mishan ya koma a 1929. Daga wannan da'ira ta Kiristocin Zazzau aka samu John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Abin lura a labarin Isawa shi ne, girmamawarsu ta tsaya a kan annabci. Tazarar da ke tsakanin "annabi mafi daraja" da "Ubangiji" ita ce tazarar da jikokinsu suka tsallaka a Gimi da Wusasa, kuma ita ce ainihin abin da ya raba Kirista da maƙwabcinsa Musulmi.

A lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana mishan shiga masarautu. Ƙofa ta buɗe wa SIM a ƙarshen shekarun 1930 ta hanyar kula da kutare a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. A 1940 ta kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi. A shekarun 1950 kuma limaman Katolika daga Amurka suka zauna a Gusau.

3.0 Isa ko Yesu

Zaɓi na farko shi ne na suna. Da an riƙe "Isa", da mai sauraro ya ji sunan da ya sani, amma tare da ma'anar da ya saba ba shi. Da aka zaɓi "Yesu", wanda ya yi kusa da yadda Kiristocin Larabawa suke faɗa, sai aka samu suna mai tsabta daga tsohuwar ma'ana, amma baƙo a kunne. Fassarar 1932 ta yi amfani da "Yesu Kristi". Ta 1979 ta ɗan dawo gida da "Yesu Almasihu", domin "Almasihu" laƙabi ne da Alƙur'ani ma ya ba Isa. Daga wannan tushe ne Hausawa da Fulani da Barebari Kirista suka kira ƙungiyarsu Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, don su raba kansu da "Nasara", kalmar da tarihi ya manna wa Turawan mulkin mallaka. Barbara Cooper, a littafinta na 2006 a kan Kiristocin Maraɗi, ta yi dogon bayani a kan irin wannan ja-in-ja na fassara.

4.0 Ubangiji

A nan maganar ta fi nauyi. Kalmar Girkanci da Sabon Alkawari ya yi amfani da ita tana da fuska biyu: ana kiran maigida ko babban mutum da ita, kuma da ita Yahudawa masu jin Girkanci suka maye sunan Allah a fassararsu ta Attaura. Kalmar Ingilishi ma haka take, domin har yau ana kiran alƙalai da 'yan majalisar dattawan Birtaniya da ita. Mai karatu a waɗannan harsuna yana iya ambaton laƙabin ba tare da ya ji ya furta wata aƙida ba.

Hausa ta rufe wannan ƙofa. Asalin kalmar "uban giji" ne, "giji" kuwa tsohuwar sigar "gida" ce, wadda ta rage a "uwargijiya". A tsofaffin rubuce-rubuce ana samun "ubangijin bawa" da "ubangijin doki" da ma'anar mai mallaka. Amma sannu a hankali harshen ya raba aiki: "ubangida" da "maigida" suka ɗauki ɓangaren mutane, "Ubangiji" ya zama na Allah, shi ne kuma abin da malamai suke fassara "Rabbu" da shi a tafsiri. Ba wanda zai gaida sarki ko gwamna a yau da wannan kalma, komai fadancinsa. Don haka idan Bahaushe Kirista ya ce "Ubangiji Yesu", ya riga ya gama faɗin abin da taron Nikiya ya yi watanni yana tsarawa. Ba ya bukatar kalmar "allahntaka", wadda ma ƙirƙirarriya ce, ba a cika jin ta ba sai a makarantun tauhidi irin ta Tofa da ke Kano.

Abin mamaki shi ne wannan jimla takan wuce ba tare da ta ta da ƙura ba, alhali ita ce mafi nauyi. Wataƙila dalili shi ne sabo: "Ubangiji" na cikin bakin kowa safe da yamma, kunne ba ya tsayawa a kansa. Har ila yau kalmar tana ba Kirista wata dama a zaman tare. Idan ya ce wa maƙwabcinsa "Ubangiji ya ba da lafiya", maƙwabcin zai amsa da "amin" da zuciya ɗaya, kowannensu da abin da yake nufi, kuma babu wanda ya yi wa wani ƙarya.

Masu nazarin karin harshe za su lura da wani abu. A Zamfarci da Sakkwatanci, inda ake cewa "na" da "ta" a maimakon "ne" da "ce", taken nan da ake rubutawa a bangon majami'u da jikin motoci, "Yesu Ubangiji ne", yakan koma "Yesu Ubangiji na". A rubuce, tazara ɗaya ce kawai ta raba shi da "Yesu Ubangijina". Na farko shelar aƙida ce, na biyu furucin miƙa kai.

5.0 Ɗa da Kalma

"Ɗan Allah" ita ce jimlar da ta fi kowace janyo saɓani. A kunnen Musulmi, "ɗa" yana tafiya da haihuwa da aure, kuma Suratul Ikhlas, wadda kowane yaron makarantar allo ya haddace, ta kore haihuwa daga Allah. Malaman Kirista su ma suna kore haihuwa ta jiki. Sukan nemi taimako daga nahawun Hausa: ɗan kasuwa ba kasuwa ta haife shi ba, ɗan Kano ba Kano ta yi naƙudarsa ba, "ɗan" yana nuna dangantaka da asali. Wasu sukan ƙara da tsohuwar ma'anar "ɗa" a matsayin kishiyar "bawa", wato mai 'yanci, magajin gida.

Wannan bayani yana kawar da rashin fahimta guda, amma bai kamata a ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Misalin ɗan kasuwa yana bayyana alaƙa, ba ya bayyana ɗayantakar zati, kuma aƙidar Kirista ta wuce alaƙa. Bayan an gama gyara ma'anar kalma, saɓanin yana nan inda yake, sai dai yanzu kowane ɓangare ya san ainihin abin da yake ƙi.

(Akwai wata 'yar matsala ta rubutu: a wayoyin da ba su da haruffa masu lanƙwasa, "Ɗan Allah" da "dan Allah" na roƙo sukan fito iri ɗaya. Ko wannan kaɗai ya isa hujja ga masu fafutikar a riƙa sa ƙugiya.)

Babin farko na Bisharar Yohanna ya kira Yesu "Kalma", ya ce tana nan tun fil'azal, ta kuma zama mutum. A nan masu fassara suka ci karo da jinsi, domin "kalma" mace ce a Hausa: kalmar nan, ita ce. Fassarar 1979 ta karya ƙa'ida da gangan, ta ba kalmar madanganci da wakilin suna na namiji, ta zama "Kalman", ana ce masa "shi". Ɗalibin nahawu zai ga kuskure, mai fassara kuwa yana nuna cewa ba lafazi ake nufi ba, wani ake nufi. Alƙur'ani ma, a Suratu Ali Imrana da Suratun Nisa'i, ya danganta Isa da kalma daga Allah, amma malaman tafsiri suna fassara ta da umarnin da aka halicce shi da shi. Kalma ɗaya ce, a wuri ɗaya hujjar halitta, a wani wurin hujjar rashin farko.

6.0 Ceto da Fansa

A waƙoƙin bege da na wa'azi, "mai ceto" laƙabin Annabi Muhammadu ne, kuma ceton da ake nufi shi ne roƙon da zai yi wa al'ummarsa a ranar hisabi. Mai ceto a wannan ma'ana yana tsayawa ne gaban mai hukunci yana neman alfarma, kamar yadda ake cewa wane ya ceci wane a gaban sarki. A bakin Kirista kalmar ta sauya mazauni: ceto abu ne da aka riga aka yi a kan gicciye, kuma mai yin sa shi ne mai ikon gafarta zunubi da kansa. Tunda a addinan biyu babu mai gafarta zunubi sai Allah, "Mai Ceto" a wannan amfani wata hanya ce ta faɗin abin da "Ubangiji" ya faɗa. Ita ma kalmar "bege" ta yi irin wannan ƙaura, daga shauƙin Annabi zuwa sa rai ga alkawarin tashi daga matattu.

"Fansa" ta fi su dogon tarihi a ƙasa. A zamanin bauta, fansa ita ce dukiyar da dangi suke biya su karɓo wanda aka kama, ko wadda bawa yake tarawa ta hanyar murgu ya sayi kansa. Lokacin da ake fassara Littafi Mai Tsarki bauta ba ta gama mutuwa ba, domin sai a 1936 aka soke ta gaba ɗaya a dokar Arewa, kuma cikin masu bi na farko akwai 'yantattun bayi. Wa'azin da ya ce Yesu ya ba da ransa a bakin na wasu bai bukaci sharhi a wurinsu ba. Daga baya kalmar ta lafa, ta zama ta littafi. A shekarun nan ta farfaɗo ta mummunar hanya: a Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Ƙauran Namoda, "kuɗin fansa" magana ce ta kowace rana, Musulmi da Kirista duk sun san abin da ake sayarwa a gida kafin a haɗa su. Mai wa'azin da ya ambaci "Mai Fansa" a Gusau a yau yana magana ne da mutanen da suka san kalmar a jikinsu, kamar yadda kakanninsu suka san ta.

7.0 A Gida da Gona da Majami'a

Girmama Yesu a rayuwar yau da kullum ya fi bayyana a rufe addu'a. Kafin cin abinci, kafin tafiya, a bakin gadon marar lafiya, addu'a takan ƙare da "a cikin sunan Yesu", jama'a su ce "amin". Matsayin wannan jimla a gidan Kirista ya yi kusa da na bisimilla a gidan Musulmi, sai dai ɗaya tana buɗe aiki, ɗaya tana rufe roƙo. Taron ibada kuwa "sujada" ake ce masa, ko da ba wanda ya sa goshi a ƙasa: sujadar safe a cikin iyali, sujadar Lahadi a majami'a. Kalmar da Musulunci ya keɓe wa Allah shi kaɗai, ita ake amfani da ita ga taron da ake raira yabon Yesu a cikinsa.

Sauran kalmomin ma na gida ne. Mabiyansa goma sha biyu "almajirai" ne, kuma Kirista mai himma yana alfahari a kira shi almajirin Yesu, a daidai lokacin da kalmar take rasa martaba a bakin 'yan jarida. Abincin tunawa da mutuwarsa "Jibin Ubangiji" ne. "Jibi" tsohuwar kalmar abinci ce da da yawa daga matasan birni ba su taɓa ji ba. Abin da ake sakawa a kwando ranar Lahadi "baiko" ne, kashi ɗaya cikin goma kuma "zakka" ko "ushiri". Da kaka, manoma a ƙauyukan Malumfashi da Kafur sukan kawo damman dawa da gero da kaji majami'a don bikin godiya. Masu nazarin al'ada za su ga inuwar tsohuwar ɗabi'ar Maguzawa ta fitar da rabon iskoki daga amfanin gona, amma masu bi da kansu suna kallon bikin a matsayin rabuwa da wancan, domin abin da ake nema daga tuba shi ne barin tsafi da bori da laya, a dogara ga suna ɗaya.

Sunayen yara ma suna ɗauke da saƙon. Bayan na Littafi irin su Rahila da Hannatu da Ishaya, akwai Godiya da Alheri da Murna da Salama da Bege, waɗanda kowannensu taƙaitaccen wa'azi ne. "Alheri" a nan ba kyautar da mutum yake yi wa mutum ba ce, ita ce kalmar da aka fassara baiwar ceto da ba a cancanta ba da ita.

Waƙa ce ta fi kai aƙidar nesa. Littafin Waƙoƙi na mishan ya ƙunshi fassarar waƙoƙin Turawa da karinsu, wanda sau da yawa yake karya karin sautin Hausa. Zumuntar Mata ce ta mayar da yabon gida, da amshi da tafi da kiɗan tulu da caki, irin salon waƙar daɓe da niƙa. Ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, da aka fara a farkon shekarun 1960, ta yaɗa gajerun waƙoƙi masu saukin haddacewa zuwa ƙauyuka, kuma mawaƙan zamani irin su Solomon Lange da Jeremiah Gyang sun kai Hausar majami'a gidajen rediyon Legas. A cikin waɗannan waƙoƙi ana yi wa Yesu kirari da kayan fada: sarki, zaki, garkuwa, mai nasara. Bambanci da waƙar fada shi ne ba a ambaton zuriyar iyaye da kakanni don tabbatar da gadon sarauta, ba a kuma yi wa 'yan'uwan sarki zambo. Abokin gaban da ake yi wa habaici Shaiɗan ne da mutuwa.

A wurin rasuwa ne harsunan biyu suke zama a tabarma ɗaya. Cikin gida, masu bi sukan ce mamacin ya yi barci cikin Ubangiji, ko ya tafi gida. A zaure kuwa, inda maƙwabta Musulmi suke zuwa gaisuwa, akan koma ga abin da kowa zai iya furtawa: "Sannu da haƙuri", "Allah ya ba da dangana", "Allah ya raya abin da ya bari".